Gafara Dai, Masu Gida

La'asar ta yi sanyi a titi, amma a saman bene rana ba ta san an yi la'asar ba. Sabuwa tana zaune a bakin ƙofar ɗakinsu tana tsintar shinkafa, ta miƙe ƙafafunta cikin 'yar inuwar tankin ruwa. Daga nan tana hango rabin unguwar Madinat Nasr: benaye a bayan benaye masu launin ƙasa, da shanyar mutane tana kaɗawa, da tantabarun wani maƙwabci suna kewaya sama. Ta fi shekara goma tana kallon birnin Alƙahira daga wannan wuri, kuma har ranar ba za ta iya sayen gishiri a cikinsa da bakinta ba.

Mijinta, Malam Sagiru, ya ɗauko ta daga Gumel tana amarya, ya ce karatun 'yan shekaru ne su koma gida. Karatu ya haifi karatu. Ya kama musu ɗaki biyu a kan rufin wani bene a unguwar Hayyul Ashir, irin ɗakunan da ake ƙarawa daga baya da katako da kwano, suka zauna kafin a ga abin da hali zai yi, hali kuwa bai yi komai ba. Duk sanda ta ce ya koya mata Larabci, amsarsa ɗaya ce: "Bari in gama babin nan, Sabuwa." Ban taɓa jin babi mai tsawon wannan ba. Mutumin da ke wuni yana warware wa ɗaliban ƙasashe nahawu bai taɓa samun zaman shan shayi guda ya koya wa matarsa yadda ake tambayar hanya ba.

Sai Allah ya ba ta baki ta wata hanya. 'Yarsu tilo, Humaira, a nan aka haife ta. Ta tashi tana zuba Larabcin Misrawa kamar a bakinta aka ƙera shi, Hausa kuma ta sha ta a nono, irin ta tsofaffin Gumel, har da su "wallahi tallahi" da riƙe haɓa. Ita ce ke yi wa uwarta ciniki a kasuwa, ita ke faɗa wa likita inda ke ciwo, ita ke fassara mata rigimar matan bene da abin da ake cewa a talabijin. Larabcin Sabuwa kaf bai wuce jimla ɗaya ba, wadda yarinyar ta koya mata don ta riƙa kare kanta: "Mish fahma," wato ban gane ba.

Da yake 'yar fari ce, Sabuwa ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kunya ce ta gado, ta ɗauko ta daga gida har nan saman bene inda babu suruka, babu mai gani. "Ke," take ce mata, ko "'yar nan."

"Mama, ki faɗi sunana sau ɗaya mana," Humaira takan ce tana dariya. "Ba ya cizo."

"Tashi ki ba ni wuri, marar ta-ido."

Rina ta zo musu ne da zafin shekarar da aka sa dokar hana fita, lokacin da unguwar ta kwana biyu tana jin ƙarar bindiga daga nesa, kowa yana shiga gida tun kafin duhu. Tsakanin kwanon ɗakin da silin ɗin katako akwai wani farin soso mai kauri da aka shimfiɗa don tare zafi, Misrawa suna ce masa fom. Ba don shi ba, da ɗakin ya gasa su kamar gurasa. A cikinsa rinar ta yi gida. Manya ne, jajaye, masu ɗamarar rawaya a ƙugu. Sun sami wata 'yar kafa a kusurwar kwano suna shiga suna fita, suna ɓarzar soson, kullum da safe Sabuwa sai ta share farin gari a kan shimfiɗar yarinyar. In rana ta take, silin ɗin yakan ɗauki wani gunji mai nauyi, in ka ɗora tafin hannu a katakon sai ka ji ɗumi.

Sagiru bai so ya kai ƙara wurin mai gida ba, don ɗakin da ma ba bisa ƙa'ida aka gina shi ba, kuma baƙo mai yawan ƙorafi shi ake fara nuna wa ƙofa. Sai ya tambayi mai gadin bene. Mutumin ya ce masa abu ne mai sauƙi: kada ya taɓa su da rana, rabinsu suna waje za su dawo su far masa. Ya bari sai magariba, lokacin da duk sun koma gida sun lafa, ya kwarara musu tafasasshen ruwa da kananzir, ya toshe kafar da siminti. Khalas, shi ke nan. Sagiru ya ce to, ya sayo simintin, ya ajiye shi a bayan tanki tare da sauran abubuwan da zai yi in ya gama babi.

A wannan yammacin, Sabuwa ba ta kai ga gama tsintar shinkafar ba ta ji ihu daga cikin ɗaki. Farantin ya kife. Ta tarar da Humaira a durƙushe ta rufe fuska da hannu biyu. Rina biyu sun sauko ta tsagar silin, ɗaya ta harbe ta a fatar ido, ɗaya a leɓe. Kafin Sagiru ya hawo daga masallaci, fuskar yarinyar ta kumbura har ba a gane ta, bakin ya yi nauyi ba ta iya haɗa kalma.

Zan faɗi gaskiya a kansa: yana son 'yarsa. Da ya gan ta haka, sai ya juya wurin Sabuwa.

"Ɗora ruwa," ya ce. "Babbar tukunya."

"Malam, magariba fa ta kawo kai. Ka bari gari ya waye."

"Magaribar nake so. Ɗora ruwa na ce!"

Ta ɗora. Rana ta faɗa bayan benaye, sama ta yi ja sannan ta yi toka-toka, tantabaru suka shige. Aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba a watannin nan, unguwa ta yi tsit. Sagiru ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaga gefen kwanon da bakin guduma. Sabuwa ta miƙa masa tukunyar da tsumma, tururi yana dukan fuskarta, warin kananzir yana shaƙe ta. A gidansu na Gumel ba a zubar da ko ruwan wanke-wanke mai ɗumi da magariba sai an yi wa waɗanda ba a gani magana. Don haka ta ɗaga kai, ta ɗaga murya yadda ta ji uwarta tana yi a bakin rariya:

"Gafara dai, masu gida! Ga ruwan zafi nan, ku kauce da 'ya'yanku!"

"Da wa kike?" Sagiru ya ce a fusace. "Riƙe min tsani."

Ya juye tukunyar gaba ɗaya. Bakinsa cike yake da tsinuwa ga rinar da ta taɓa masa 'ya, bisimilla ba ta sami wurin fita ba. Gunjin ya tashi sama lokaci guda, ya yi wani irin kaifi, sannan ya yanke. A cikin yankewar Sabuwa ta ji wani abu siriri da bai yi kama da kukan ƙwaro ba. Ta dubi mijinta ko shi ma ya ji. Shi kuwa yana ta cusa siminti a kafar da ɗan yatsa.

An yi 'yan kwanaki lafiya. Kumburin ya saɓe, Humaira ta koma surutunta, Sagiru yana ba abokansa labarin yadda ya gama da rina da tukunya ɗaya. Farin garin ya daina zuba.

Sai wata magariba suna cin abinci, tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Ta gangara a hankali, ta tsaya. Wata ta biyo baya. Sagiru ya fita da tocilan yana faɗan yaran maƙwabta, ya haska gabas ya haska yamma, sai ya tuna abin da ya sa faɗan ya maƙale masa: benensu ya fi duk na kusa tsawo, babu kowa a samansu sai sarari. Da safe Sabuwa ta tsince tsakuwoyin. Ba duwatsu ba ne, gutsattsarin busasshen siminti ne, alhali toshiyar da ke kusurwar kwano tana nan ko tsagewa ba ta yi ba.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. Ana idar da salla ake farawa. Bayan jifan sai gunji ya dawo cikin silin, gunjin gidan da aka riga aka kashe. Yakan fara ƙasa-ƙasa, ya yi ta jan lokaci, har kunne ya gaji ya fara rarrabe shi, ka ji ashe ba fukafukai ba ne, muryar mace ce tana rarrashin yaro da baki a rufe. Warin kananzir ya riƙa tasowa daga shimfiɗu da kwanuka, har daga tulun ruwa.

Humaira ta rage magana. Sabuwa takan same ta tsaye a tsakiyar ɗaki, kanta a ɗage, idonta a kusurwar silin. In ta taɓa ta sai ta ji jikin da zafi. Wata safiya yarinyar ta tashi da bororo a damtse da kafaɗa, manya masu ruwa, irin na wanda tafasasshen ruwa ya zubo wa daga sama, alhali ko kusa da murhu ba ta je ba. Likita ya ba da man shafawa, ya dubi iyayen da wani irin kallo da Sabuwa ba ta buƙaci tafinta ba kafin ta gane shi.

Ranar da abin ya fito fili, Sabuwa ta kawo mata koko ta ce, "Ke, daure ki sha." Yarinyar ta juyo a hankali. Ido nata ne, kallon ba nata ba. Ta buɗe baki, wata murya ta fito, ta tsohuwa, busasshiya, tana jan Larabci a hankali kamar mai jan tabarma a kan yashi.

"Malam! Me take cewa?"

"Sambatun zazzaɓi ne," in ji Sagiru, amma leɓensa ya yi fari.

Ya yi alwala ya zauna a kanta da karatu. Muryar ta saurare shi har ya kai aya, ta gyara masa wani wasali da rawar baki ta sa ya karkace, sannan ta yi dariya. Bai sake gwadawa ba. Yarinyar ta daina ci, wuyanta ya zama siriri, ta koma kwana da ido biyu tana wannan rarrashin da baki a rufe. Sabuwa ta zauna a gefenta tana kallon 'yarta tana ƙarewa, ga magana tana fita daga bakinta dare da rana, ita kuma ko kalma ɗaya ba ta tsinta. Baƙin cikin wannan ya fi mata tsoron zafi.

Ita ce ta matsa har aka kira Malam Ya'ƙub. Dattijo ne daga Hausawan Sudan, mazaunin unguwar Ain Shams, malami ne na gaske da ɗalibai ke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa, kuma an san shi da ruƙiyya. Ya iso kafin lokacin hana fita, ya hawo matakalar yana hutawa a kowane hawa, farin rawaninsa ya jiƙe da gumi. Bai zauna ba sai da ya zagaya ɗakin. Ya tsaya a ƙarƙashin kusurwar, ya shaƙi iska.

"Me aka ƙona a nan?"

Sagiru ya ba shi labarin rina.

"Da magariba?"

"Haka aka ce min, Malam. Lokacin suna ciki duka."

"Na'am," in ji dattijon. "Lokacin kowa yana ciki."

Suka yi salla. Aka ɗauke wuta, Sabuwa ta kunna kyandir ta zauna ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Jifan ya fara. Malam Ya'ƙub ya ɗora hannu a goshin Humaira ta saman mayafi, ya soma karatu ba gaggawa, Fatiha, farkon Baƙara, Ayatul Kursiyyu. Muryarsa ba ta da ƙarfi amma ba ta rawa. Da ya shiga suratu Saffati, jifan ya tsaya cak. Jikin yarinyar ya sanƙare, bayanta ya lanƙwashe, harshen kyandir ya kwanta ba iska.

Da Larabci ya tambaya, da Larabci aka amsa, Sabuwa tana bin bakinsu da ido.

"Wace ce ke?"

"Ni ce mai gida."

Ta ce tana wurin nan tun yana fili, yashi da ƙaya, babu ko bulo ɗaya. Da mutane suka zo da gini ta matsa musu. Suka ɗora hawa, ta hau sama, suka ƙara, ta ƙara hawa, har ba abin da ya rage mata a duniya sai ratar da ke tsakanin kwano da soso, inda ko tafin hannu ba ya miƙewa. Ita ta kira rinar. Inda rina take ɗan'adam ba ya sa hannu, kuma gidansu yana da ɗumi. A jikinsa take kwantar da ɗanta, na goye, wanda ta samu bayan ta fid da rai.

"Ina nan a bakin kwano lokacin da wannan ya hawo da tukunya," ta ce. "Na ɗauka gyara zai yi."

Malam Ya'ƙub ya juya ga Sagiru. "Ka yi bisimilla?"

Sagiru ya sunkuyar da kai.

Sai kan yarinyar ya juya a cinyar Sabuwa, idanun suka ɗago suka kafe ta. Muryar ta canza harshe. Hausa ta fito, tsantsa, da irin lafazin da Sabuwa ta shayar da 'yarta.

"Na ji ihunki a ranar, baiwar Allah. Na ji kin ɗaga murya, na zaci 'yarki kike kira. Shekara da shekaru ina jin yaren nan naku ta ƙasan katako, a kunnena hayaniya ce kawai. Sai da na shiga kan yarinyar nan na tarar da kalmomin a jere, na nemo naki na ranar, na gane su." Muryar ta karye. "Cewa kika yi mu kauce da 'ya'yanmu. Taki ɗaya ne tsakanina da ɗana. Da na ji, da na ɗauke shi."

Sabuwa ta toshe baki da mayafi. Hawayenta suka ɗiga a goshin yarinyar.

"Wallahi na faɗa," ta ce. "Iyakar abin da na iya ke nan. Ki yi min rai."

"Kin faɗa. Shi kuma yana tsaye a kan tsani da harshen da nake ji cike da bakinsa." Idanun suka koma kan Sagiru. "Me ya hana ka maimaita abin da matarka ta ce?"

"Rina na zo kashewa," Sagiru ya ce da ƙyar. "Sun harbi 'yata."

"Tana nan da ranta. Nawa yana bayan simintinka."

Ta ce rai za ta ɗauka a madadin rai. Malam Ya'ƙub ya ce ba ta isa ba: kisan kuskure ne, yarinyar ba ta ji ba ba ta gani ba, kuma ta ji tsoron ranar da za a tsayar da mutum da aljan a fili ɗaya. Ya ci gaba da karatu, ta yi ƙara, ya tsaya, suka sake magana. A ƙarshe ta nemi a buɗe mata kafar ta ɗauki gawar ɗanta. Sagiru ya hau tsani a cikin duhu ya farfasa simintin. Wata iska mai ɗumi ta fito ta wuce ta gefen kunnensa.

Da ya dawo ɗaki, muryar ta koma Larabci. Da gangan ta yi, kuma abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙona min rai a labarin nan.

"Zan fita," ta ce wa mazan. "Amma ba zan fita hannu wofi ba. Zan tafi da harshen da aka yi min gargaɗi da shi. Zan kwashe shi daga kan yarinyar nan kaf, in riƙe, don kada a sake ce min in kauce ban ji ba."

"Ba za ki ɗauki ko wasali ba," in ji Malam Ya'ƙub. "Ta ɗan yatsan ƙafa za ki fita, yadda kika shigo ba komai."

"To ci gaba da karatunka, Shehi. Ni zan jure har asuba. Dubi ita."

Numfashin Humaira ya fara sarƙewa. Ƙirjinta yana ɗagawa ba ya sauka, leɓunanta sun yi duhu, yatsunta sun ƙanƙame zanen uwarta. Sabuwa tana girgiza ta tana duban mazan ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, me take cewa? Don girman Allah ku faɗa min!"

Sagiru ya yi lissafinsa a tsaye, cikin ƙiftawar ido. Makarantar yarinya da Larabci ake yi. Karatun addini da Larabci. Hausa ce kawai, abin da ake tsinta a tsakar gida, za ta sake koya. A ganinsa aljanar ta yi arha.

"Ka tambayi uwarta," dattijon ya ce masa a hankali. "Ba kai za a cire wa ba."

"Na yarda!" Sagiru ya faɗa da Larabci, da ƙarfi. "Ni ne ubanta. Ɗauki ki fita!" Sannan ya juya ga matarsa ya ce da Hausa, "Cewa ta yi za ta fita."

Malam Ya'ƙub ya buɗe baki zai yi wa Sabuwa bayani, amma magana ta riga ta fita daga bakin mai iko. Jikin yarinyar ya saki. Ta ja wani dogon numfashi, ta sake shi a hankali, yana fita da gunji siriri wanda ya daɗe bai ƙare ba. A hasken kyandir suka ga jar rina ɗaya ta rarrafo daga tsakanin leɓunanta, ta tsaya a haɓarta ta goge fukafukai, ta tashi ta bi ta ƙofa. Warin kananzir ya ɗauke. Can ƙasa wani ya yi tari, wata mota ta wuce, duniya ta dawo.

Humaira ta buɗe ido. Nata ne, da kallon da komai. Sabuwa ta rungume ta tana hamdala, tana shafa kanta.

"Sannu, 'yar nan. Sannu. Ina ke miki ciwo? Za ki sha koko?"

Yarinyar ta dube ta. Ta dubi bakinta. Ta ɗan yamutsa fuska kamar mai son tuna inda ta ajiye wani abu, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Mish fahma, ya Mama."

Wannan kam Sabuwa ba ta nemi a fassara mata ba.

Malam Ya'ƙub ne ya faɗa mata abin da aka sayar, don Sagiru ya kasa. Ta saurara har ƙarshe, yarinyar tana rungume a ƙirjinta. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Ina zaune a nan, Malam. Kanta a cinyata yake."

Lissafin Sagiru bai fita ba. Hausa ta ƙi zama a kan Humaira. A faɗa mata "ruwa" da safe ta maimaita, kafin azahar ta zube kamar ba a taɓa faɗa ba. Ta koma makaranta, ta yi ƙiba, bororon ya warke bai bar tabo ba, kowa yana cewa an auna arziki. A gida kuwa uwa da 'ya sai nuni da hannu. In Sagiru yana nan shi ne tafinta, hirar da a da takan kai su har barci ta koma "ta ce ta ƙoshi" da "ta ce ki tashe ta da wuri." Akwai maganar da 'ya mace ba ta aika wa uwarta ta bakin uba, waɗannan sai suka mutu a ciki.

Wata rana ya shigo da ɗan littafin koyon Larabci na yara, mai hotuna, ya zauna kusa da ita yana murmushin da bai kai ido ba.

"Sabuwa, zo mu fara. Kullum bayan la'asar."

Ta dubi littafin, ta dube shi.

"Ka gama babin?"

Ta karɓa dai, don ba ta da zaɓi. Amma kan da ya sha shekaru a rufe ba ya buɗewa don an ga dama, kuma Larabcin littafi daban, wanda yarinyar ke zubawa da sauri daban.

Da zafi ya zagayo, wata yamma Sabuwa tana bakin ƙofa da farantinta, Sagiru bai dawo ba. Humaira tana kwashe shanya a jikin igiya, ta ba ta baya. Sai Sabuwa ta hango jar rina tana kewaya kan yarinyar, tana saukowa kusa da wuyanta.

"Ke! Kauce!"

Yarinyar ta ci gaba da ninke zane.

"'Yar nan, kauce na ce!"

Ko gezau. Ihun uwarta ya zama mata irin hayaniyar da ake ji daga wani ɗaki. Sabuwa ta miƙe, shinkafa ta watse, ta lalubi bakinta kaf ta rasa abin da zai isa can, sai kalma ɗaya da ta yi shekaru tana ɓoyewa a ƙarƙashin harshe.

"Humaira!"

Yarinyar ta juyo a firgice, rinar ta wuce ta bayan kanta ta yi sama. Zanen ya faɗi daga hannunta. Ta tsaya tana kallon uwarta, bakinta a buɗe, idonta yana cika. Sannan ta rugo ta faɗa jikinta tana dariya tana kuka, tana ta magana da Larabci, doguwar magana mai daɗi, tana jan hannunta tana nuna ƙirjinta.

Sabuwa ta riƙe ta tana gyaɗa kai. Ladan ya fara kiran magariba. Ta jira yarinyar ta kai ƙarshe, ta share mata hawaye da bakin mayafi, sannan ta ba ta amsa da iyakar abin da take da shi.

"Mish fahma, Humaira," ta ce. "Mish fahma."